Amshi Daga Bencin Baya

Lahadi, 3 ga Maris, bayan an taso daga coci

Afiniki ta dawo.

Ina tsaye a gaba da zanen zumuntar mata, na ɗaga waƙar da ake yi lokacin tara baiko ke nan, sai amshi ya taso daga can baya, daga bencin bakin ƙofa inda waɗanda dattawa suka sa a horo suke zama. Ban ɗaga kai ba na san muryar. Shekara huɗu ban ji ta ba, amma ko a tsakiyar kasuwa zan gane ta. Mai buga tulu ta bar bina ta bi ta. Ni da nake ba da waƙa na koma ina gudu a bayan masu amshi. Wuyan kowa ya karkata baya kamar ana rabon wani abu a ƙofa.

Ba zan rubuta abin da ta yi ba, kowa ya sani. Mijin wata ne, ta bi shi Argungu, ya bar ta can. Shi ke nan. Ranar da aka sanar da horonta, ni aka miƙa wa zanenta na zumunta in ajiye, tunda ni ce mai ɗinkin zumunta. Ni kuma aka ce in riƙe ba da waƙa a madadinta "kafin a ga yadda za a yi". Har yau ana ganin yadda za a yi.

Muna cikin keke za mu koma Badariya, maigidana Baban Sila ya ce, "Kai, yau waƙa ta yi daɗi." Yau.

Litinin, 4 ga Maris, da rana

Na ɓata wuyan riga biyu a shago. Zafi ne.

Laraba, 6 ga Maris, bayan taron zumunta

Mama Laure, uwar zumuntarmu, ta tashi ta ce Afiniki ta je gaban dattawa ta durƙusa, ta ce ta tuba, tana roƙon a maido ta cikin zumunci. Kafin ta kai ƙarshen magana kuka ya ci ƙarfinta. Sai mata suka kama, wannan na share ido da gefen kallabi, waccan na ɗaga hannu tana yabo.

Na ce amin tare da kowa. Allah ya sani na faɗa.

Amma bari in tambaya a nan, tunda ba mai jina. Wa ke share coci kowace Asabar? Wa ke wanke ƙananan kofuna na Jibin Ubangiji? Ranar da ruwa ya cinye hanyar unguwarmu, wa ta naɗe zani ta ratsa taɓo ta zo ta tarar da mutum uku a coci? Mama Laure ba ta taɓa zubar mini da hawaye ko ɗigo ɗaya ba. Iyakarta, "Sannu, Maman Sila, Allah ya ƙara ƙarfi." Ƙarfi dai. Kamar jaki.

Lahadi, 10 ga Maris, da yamma

Na shirya sabuwar waƙa cikin makon nan, tawa ta kaina, na koya wa mata ranar Laraba da ba ta nan. Mai bayarwa ta ce, "Na yi nisa, Ubangiji, da wace fuska zan dawo?" Masu amshi su ce, "Zo da ita haka nan." In zan faɗi gaskiya, da wata a raina na shirya ta, kuma na so ta ji a jikinta.

A zagaye na farko ta yi shiru. A na biyu ta kama. A na uku ta ɗauke amshin ta kai shi sama, can inda muryata ba ta taɓa kaiwa ba, ta ɗan karya shi a ƙarshe yadda ta saba tun muna 'yan mata. Na ga wani dattijo ya cire tabarau yana goge ido.

Da aka taso wata ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Maman Sila, waƙar nan ta yau, Afiniki ce ta kawo muku ita daga Argungu?" Tabɗijam. Na yi mata murmushi har haƙorana suka yi tsami.

Talata, 12 ga Maris, da hantsi

Baba Tamba, babba a cikin dattawan ikilisiya, ya biyo ta shago. Na ba shi kujera da ruwan sanyi. Ya ce dattawa sun yarda a maido da Afiniki ranar Ista, amma a cocinmu ba a maido da mutum da bakinsa kawai. Sai an aiki mata biyu su je su ga inda take kwana da yadda take zama, su dawo su ba da shaida. An zaɓe ni da Mama Laure.

"Ke kuka tashi tare, 'yata," in ji shi. "In shaida ta yi kyau, ke za ki ɗaura mata zanenta a gaban jama'a. Daga nan sai ku riƙa ba da waƙa tare."

Tare. Na san irin wannan taren. Mun yi shi shekara da shekaru, ita a gaba da makirufo, ni a gefe da kacau-kacau.

Alhamis, 14 ga Maris, da yamma

Gwiwar Mama Laure ta kumbura, ko ƙofar gida ba ta iya kaiwa. Ta ce in je ni kaɗai, idona idonta ne.

Asabar, 16 ga Maris, bayan na dawo daga Argungu

Na shiga mota da safe. Ta wajen Zauro shinkafar rani ta yi kore shar har iyakar gani, amma ban ji daɗin kallonta ba. Tun daga tasha nake tsara yadda zan same ta. Na ɗauka zan tarar da ita a wani ɗan lungu, ta rame, ta lalace, in ji tausayinta. Na shirya tausayin ma tsaf.

Gidan yana kusa da gulbi, gidan wani tsohon masunci ne mai suna Ɗantsoho da matarsa Kulsumi. Musulmi ne, suna azumi. Na tarar da Afiniki a tsakar gida cikin hayaƙi tana juya tarwaɗa a kan wajen banda, idanunta jawur. Tana ganina ta yar da abin da ke hannunta ta rungume ni da ƙaurin kifi da komai. "Yaya! Yaya Lidiya, ke aka aiko? Na gode wa Allah da ke ce."

Kulsumi ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta ce sai na ci, azuminsu bai hana baƙo ci ba. Yatsun hannunta duk sun lanƙwashe da ciwon sanyi, ko ludayi da ƙyar take riƙewa. Ba ta da hutun baki, tsohuwar nan.

"Bakin gulbi nis same ta zaune da 'yar jaka, ba ta san inda za ta ba," in ji ta. "Nic ce mata tashi mu tahi gida. Yanzu kam ɗiyata ta. Ita ka banda, ita ka kai kihi kasuwa. Ran Lahadi ni ka tada ta da asuba, in ce tashi ki tahi wurin ibadarku kar mota ta bar ki."

A igiyar shanya, daidai ƙofar ɗakin Afiniki, akwai riga ta namiji. Shuɗiya ce da ta koɗe, kafaɗa ta sha faci, facin kuma da baƙin zare, ɗinkin hannu mai tsalle-tsalle. Ni tela ce, kallo ɗaya na san rigar tsoho ce, na kuma san ɗinkin Afiniki, don ba ta taɓa iya riƙe allura ba. Kulsumi ta ga inda idona ya tsaya ta yi dariya. "Rigar malam ta. Hannuna ba su iya wanki, ita ka wanke muna. Guda biyu gare shi, wagga ya hi so."

Da zan tashi na ce mu yi addu'a a ɗakinta. Tabarma, fitila, bokiti, ba wani abu. Na yi addu'a mai tsawo, mai kyau, irin wadda ake ce mini amin da ƙarfi a zumunta. Da na gama ta buɗe baki ta ce, "Uba, ni ce kuma." Daga nan ba ta iya ƙara komai ba sai kuka, goshinta a ƙasa. Na buɗe ido ɗaya ina kallonta. Ban taɓa yin kuka irin wannan a gaban Allah ba. Ko sau ɗaya. Tana magana da shi kamar wanda ta sani, ni kuwa kamar mai karanta sanarwa. Muryar ba ta ishe ta ba, har wannan ma sai ta fi ni.

A bakin ƙofa ta cusa mini ƙunshin kifi a jaka ta ce, "Yaya, ban dawo don waƙa ba fa." Wa ya tambaye ta?

Lahadi, 17 ga Maris, da la'asar

Na ba dattawa shaida a ofishin Pasto. Abin da na gani na faɗa.

Litinin, 18 ga Maris, da safe kafin in buɗe shago

Na ce tana aiki. Na ce tana addu'a. Na ce mutanen gidan sun karɓe ni da mutunci. Duk na faɗa. Baba Tamba har ya fara gyaɗa kai, sai Pasto ya ce, "Akwai wani abu kuma, Maman Sila?"

Na ce, "Sai dai na ga rigar namiji a shanye a ƙofar ɗakinta."

Baba Tamba ya ce, "Wace irin riga?" Na ce, "Ta namiji dai, Baba." Ya ce, "Kin tambaya?" Na ce, "Ban tambaya ba."

To, na tambaya ne? Ban tambaya ba. Kulsumi ce ta faɗa da kanta, ni ban tambaye ta ba. Riga ce, ta namiji ce, a ƙofar ɗakinta take. A nuna mini kalma ɗaya da ba gaskiya ba a ciki. Ban yi ƙarya ba.

Talata, 19 ga Maris, da yamma

Na yi miyar kifin da ta ba ni. Baban Sila ya yi ƙari har sau biyu. Ni ban taɓa ta ba, koko na sha.

Laraba, 20 ga Maris, bayan taron zumunta

Na biya gidan Mama Laure in duba gwiwa. Ita ta gaya mini. Dattawa sun ɗaga maganar Ista. Sun ce wa Afiniki an ga abin da bai kwanta musu ba, in tana son a maido ta sai ta bar gidan Argungu ta dawo Birnin Kebbi inda ido zai riƙa ganinta, a sake duba lamarin nan gaba. Ba ta yi musu ba. Ta ce to.

Ni ban ce a raba ta da gidan ba. Wannan shawararsu ce, ba tawa ba. Ni dai na ɗauka za a ɗan jinkirta ne, Ista ta wuce, shi ke nan.

Mama Laure ta riƙe hannuna ta ce, "Na san da wuya kika faɗa, 'yata. Allah ya saka miki da kika tsaya a kan gaskiya." Yau ne ta fara kallona da ido mai ruwa. Abin da na daɗe ina so ke nan. Na zare hannuna na ce ina da ɗinki.

Lahadi, 24 ga Maris, bayan coci

Lahadin ganyen dabino. Ta zo, ta zauna a bencinta, ba ta buɗe baki ba daga farko har ƙarshe. Mai tulu ta bi ni sau da ƙafa. Amshi ya zo daidai inda na ajiye shi. Waƙata ta dawo hannuna.

Amma wuyan mutane bai daina karkata ba. Yanzu shirunta suke saurare. Haba! Ta yi waƙa a juya, ta yi shiru a juya. Ni da nake tsage maƙogwaro a gaba, sai in yi me kafin a dube ni?

A keke Baban Sila bai ce komai a kan waƙa ba. Farashin mai ya yi ta yi wa mai keke magana.

Talata, 26 ga Maris, da azahar

Ta zo shago da jakar bakko a ka. Na ce a raina yau za a yi ta. Na ma shirya amsa. Sai ta sauke jakar ta gaishe ni har ƙasa, ta ce ko zan ajiye mata kayan nan, kuma ko zan bar ta ta riƙa kwana a ɗan ɗakin bayan shago kafin ta samu wuri. Ranar Asabar za ta baro Argungu gaba ɗaya.

Na ce, "Kifin fa? Tsohuwar fa?"

Ta ce, "Inna Kulsumi ta yi kuka. Amma dattawa sun faɗa, Yaya. Na taɓa bin son raina sau ɗaya, na ga inda ya kai ni."

Sai ta ce in ba damuwa tana son ganin zanenta, gani kawai. Na ciro shi daga ƙasan akwati. Ba ta warware shi ba. Ta ɗora shi a cinya ta shafa, ta kai hanci, ta ce, "Kin kula da shi." Ta miƙo mini da hannu biyu.

Ba ta tambaye ni komai ba. Ko "Yaya, me kika ce musu?" Da ta tambaya da na samu abin yin faɗa. Ta tafi ta bar mini jaka a kusurwa, duk shagon ya ɗauki ƙaurin banda.

Laraba, 27 ga Maris, da safe

Ban yi ƙarya ba.

Alhamis, 28 ga Maris, da yamma

Na je na wanke kofunan Jibi don Ista, na jera su a faranti su bushe. Ba kowa a coci. Na durƙusa a gaba inda na saba, na fara addu'a. Kalmomi suna ta zuwa, ba su taɓa yi mini gardama ba. Amma kamar keken ɗinki ne da zaren ƙasa ya ƙare, allura na hawa tana sauka, in ka ɗaga yadin ba abin da ya kama.

Na ce wa Ubangiji ya dubi shekarun da na yi ina masa hidima. Na ce ya dubi abin da ita ta yi, ya dubi abin da ni ban taɓa yi ba. Ina cikin lissafa masa sai na ji kunyar muryata. Na tashi na rufe taga na tafi.

Jumma'a, 29 ga Maris, da la'asar sakaliya

Dole in rubuta wannan.

Mun dawo daga sujadar tunawa da mutuwar Yesu, na buɗe shago don in ƙarasa kayan Ista na mutane. Baban Sila yana zaune a benci yana jin rediyo. Sai ga sallama. Tsoho ne dogo, leɓɓansa sun bushe da azumi, ƙafafunsa fari fat da tafiya. Ɗantsoho. Tun daga tasha yake tambayar shagon Maman Sila mai ɗinki, a cikin wannan rana.

Rigar ce a jikinsa. Shuɗiyar. Da facin baƙin zare.

Ya ƙi zama sai da maigida ya matsa masa. Ya ce, "Ɗiyata, wurinki niz zo, don ke kinka shiga gidanmu kinka gani da idonki. An ce manyanku sun ce sai yarinyar ga ta bar mu. Ba mu hana ta addininta ba, Allah shina gani. In wani laihi munka yi, a hwaɗa muna mu gyara. Tsohuwa kwana ukku ba ta ci abin kirki ba ko da an sha ruwa. Ki taimaka ki yi muna magana, ke za su ji."

Ni za su ji. Ai sun ji ni.

Baban Sila ya kashe rediyo. Maganar rigar namiji ta riga ta zaga coci, ya ji ta kamar kowa. Ya dubi rigar, ya dube ni. Ya ce, "Lidiya." Tun da aka haifi Sila bai kira sunana ba.

Ban san abin da zan yi da idona ba, sai na ce, "Baba, facin kafaɗarka ya ɓalle, kawo in gyara." Ya cire ta ya zauna da 'yar shara. Na warware ɗinkin Afiniki, na sa a keke. Rigar ta yi laushi don tsufa, tana warin gulbi da sabulu. Ina taka keke ina ganin yadda ta bi kowace 'yar yagewa da allura, a karkace, ba kyau, amma ba ta tsallake ko ɗaya ba. Wannan rigar na ɗauka na shafa mata baƙi da ita. Hawaye ya hana ni ganin allura, na kusa ɗinke yatsana.

Na miƙa masa na ce ya sa, za mu je wani wuri. Muka hau keke mu uku zuwa Gwadangaji, gidan Baba Tamba. Muka same shi a ƙarƙashin dalbejiya. Na durƙusa na ce, "Baba, ga rigar, ga mai rigar."

Ya daɗe yana kallon tsohon. Suka gaisa, ya sa aka kai shi inuwa ya huta. Sannan ya juyo ya ce, "Kuskure ne, 'yata, kowa na yi. Ba ki sani ba."

Ga ƙofa ya buɗe mini, a wangale. In ce e, ban sani ba, kowa ya koma gida da mutuncinsa. Har na ji "e" ɗin a kan harshena.

Na ce, "Na sani, Baba. Tun a can aka gaya mini."

Ya ce, "To, don me?"

Na ce, "Kishi nake yi da ita. Muryarta, da kukan da ake yi mata, da yadda take addu'a. Ba na son ta dawo gaba."

Ban taɓa jin kalma mai muni a bakina kamar wannan ba. Baba Tamba ya sunkuyar da kai ya ce zai kira dattawa yau ɗin nan.

Asabar, 30 ga Maris, da rana

An yanke. Gobe za a maido da Afiniki, kuma ba za ta bar Argungu ba. Ni kuwa wata uku a bencin baya, ba waƙa a gaba, ba Jibi, ba zanen zumunta. Pasto ya tambaye ni ko ina da magana. Na ce ba ni da ita.

Ta zo ɗaukar jakarta. Ina guge zanenta ta shigo. Na ajiye dutsen guga na durƙusa, ni da take kira Yaya, na ce ta yafe mini. Ta kama ni ta ɗaga da sauri kamar na faɗa wuta.

"Na sani tun ranar, Yaya. Ke kaɗai kika zo gidan."

Na ce, "Kin sani kika kawo mini kayanki?"

Ta ce, "To wa zan kai wa? Ke ce yayata. Abin da aka yafe mini ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ya wuce."

Ya wuce. Haka kawai, kamar na taka mata ƙafa a kasuwa. Kuma ga abin kunya, ina tsaye a gabanta da hawaye a fuska sai na ji abin nan ya sake motsi a ƙirjina: har yafewar ma ta fi ni iyawa. Ashe bai mutu jiya ba.

Da ta tafi na rufe shago na zauna a ƙasa tsakanin ƙyallaye. Ban tsara komai ba. Na ce, "Ubangiji, ka ga abin da ke cikina. Na ɗauka ni mai tsabta ce don ban taɓa bin mijin kowa ba. Na ƙi 'yar'uwata a gidanka, da zanenka a jikina. Ba ni da abin da zan nuna maka. Ka gafarta mini, ka cire mini wannan abu, ni na kasa." Daga nan sai kuka. Mummunan kuka, da majina da komai, ba irin nata mai kyau ba. Amma wannan karon zaren ya kama.

Lahadi, 31 ga Maris, Ista, da yamma

Na sa atamfata ta gida na tafi da wuri don kada in ratsa mutane. Ban taɓa zama a bencin nan ba. Ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, yana rawa. Fanka ba ta kaiwa nan, rana kuma tana shigowa ta ƙofa ta sauka a wuya. Ba ka ganin fuskar kowa sai ƙeya. A nan Afiniki ta zauna mako bayan mako, bayan ta taso daga Argungu da asuba.

Pasto ya sanar da nawa a taƙaice. Wuyan mutane ya karkato baya. Yau kam an dube ni, na samu har ya yi yawa.

Aka kira Afiniki. Mama Laure ta dogara sanda ta fito ta ɗaura mata zanen da na goge, coci ya ɗauki guɗa. Na ji zafin a ƙirjina, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Ubangiji, ga shi kuma," na miƙa masa. Ina jin haka zan riƙa yi kullum har kishin ya gaji ya bar ni.

Aka zaga da Jibi. Farantin ya zo har layin da ke gabana ya juya. Kofunan da na wanke ne. Na ga ta karɓi nata da hannu biyu.

Sai aka ba ta makirufo. Na ɗauka za ta ɗauko ɗaya daga cikin manyan waƙoƙinta na da, ta kai ta sama ta rusa ginin. Sai na ji, "Na yi nisa, Ubangiji, da wace fuska zan dawo?" Tawa. Kuma a ƙasa ta ɗauke ta, can ƙasa inda muryarta ba ta da wani kyau, daidai inda tawa take zama. Mata suka amsa. Ta sake, idonta a bakin ƙofa. Suka amsa. Ta ɗaga wa mai tulu hannu ta sassauta, ta sake a karo na uku, ba ta ɗauke ido daga kaina ba.

Na buɗe baki. Muryar ta fito a shaƙe, ta karye a tsakiya. "Zo da ita haka nan." Ni na shirya kalmomin nan don in soki wata, ban san wa nake ɗinka wa ba.

Muka hau keke zuwa Badariya, har muka kusa gida. Sannan Baban Sila ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yau na ji muryarki."

Shekara huɗu ina tsaye a gaba da makirufo a hannu.